Yadda annobar Korona ta ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfin bijire wa magani

A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa cutar Korona ta daina zama lamarin gaggawa da ya shafi duniya baki ɗaya. Tun kafin wannan rana kasuwanni da makarantu sun koma harkokinsu, jama'a kuma sun ajiye takunkumin fuska. Sai dai annobar ta bar bashin da har yanzu ba a gama biya ba. A shekaru ukun da ta yi tana ci, an ɗura wa akasarin waɗanda ta kwantar a asibiti magungunan kashe bakteriya, wato antibayotik, alhali waɗannan magunguna ba su da wani tasiri a kan ƙwayar da ke haddasa ta.

Illar wannan ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa buƙata ba, ana bai wa bakteriya damar sabawa da shi, har ta kai ranar da za a buƙace shi da gaske ya kasa aiki. Wannan shi ake kira bijire wa magani. Matsalar ta fi yin nauyi a wurare irin su Bakori da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi a kudancin Jihar Katsina, inda kemis ne zangon farko na mai neman lafiya, babban asibiti kuma sai an yi tafiya.

Bakteriya daban, bairos daban

A Hausa duka biyun ƙwayoyin cuta ake ce musu, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Bakteriya halitta ce mai rai da ke ci, take girma, take hayayyafa da kanta. Ita ke haddasa taifot, da kwalara, da tarin fuka, da mashaƙo, da ciwon sanyi, da yawancin ƙuraje masu mugunya. Antibayotik yana kashe ta ne ta hanyar rusa bangon jikinta ko toshe hanyoyin da take bi wajen gina kanta.

Bairos kuwa ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba. Ba shi da irin bangon da antibayotik ke rusawa, don haka maganin ba ya samun abin kamawa a jikinsa. Mura, da ƙyanda, da shan inna, da zazzaɓin Lassa, da Korona duk aikin bairos ne. Wanda ya sha Ampiclox saboda mura, ya warke bayan kwana biyar, garkuwar jikinsa ce ta yi aikin. Da bai sha ba ma da ya warke a daidai wannan lokaci.

Yadda bijirewar ke faruwa

Manomin Bakori da ya taɓa yin feshin ƙwari da maganin da aka tsinka da ruwa fiye da ƙa'ida ya san yadda abin yake. Raunanan ƙwarin suna mutuwa, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, baɗi kuma maganin da ya yi aiki bara ya zama kamar ruwa. Haka lamarin yake a cikin jikin ɗan Adam. Akwai biliyoyin bakteriya a hanji da fata da maƙogwaron kowane mutum, akasarinsu marasa cutarwa. Idan antibayotik ya shiga jiki, ba ya tambayar dalilin da ya sa aka sha shi. Yana kashe waɗanda zai iya kashewa, ya bar fili ga waɗanda suka jure masa.

Masu jurewar suna da dabaru daban-daban. Wasu suna fitar da sinadarin da ke narkar da maganin, wasu suna tunkuɗo shi waje da zarar ya shiga, wasu kuma suna sauya siffar wurin da yake kamawa. Bakteriya irin E. coli tana iya rabuwa gida biyu cikin kusan minti 20 idan ta samu yanayi mai kyau, saboda haka 'yan ƙalilan da suka tsira kan zama miliyoyi cikin yini guda. Bugu da ƙari, bakteriya suna miƙa wa juna wannan dabara ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Abin lura shi ne, ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce. Don haka wanda bai taɓa shan antibayotik ba a rayuwarsa, har da jaririn da aka haifa jiya, zai iya kamuwa da ƙwayar da wani ya horar a nasa jikin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945 lokacin da yake karɓar kyautar Nobel, inda ya nuna cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Mahaɗar annobar bairos da antibayotik

Idan antibayotik ba ya kashe bairos, me ya haɗa shi da annoba irin Korona? Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bairos mai kama hanyar numfashi yana raunana huhu, daga nan bakteriya ta samu ƙofa ta haddasa limoniya. A irin wannan hali antibayotik ne ke tsakanin maras lafiya da ajali.

Tarihi ya nuna haka a murar da ta game duniya a 1918, wadda ta shigo Najeriya ta tashar jiragen ruwan Legas, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Wani nazari da Anthony Fauci da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2008, bayan duba ragowar huhun waɗanda suka mutu a lokacin, ya nuna cewa akasarinsu limoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su bayan murar ta kayar da su. A wancan zamani babu antibayotik ko ɗaya.

Likitoci sun shiga annobar Korona da wannan darasi a zukatansu, suna zaton abin da ya faru a 1918 zai maimaita kansa. Amma Korona ta zo da wani hali daban: kaɗan ne daga cikin waɗanda ta kama suka haɗa da cutar bakteriya.

Abin da ya faru lokacin Korona

A watan Afrilun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanan marasa lafiya kusan 450,000 da Korona ta kwantar a asibitocin ƙasashe 65 tsakanin Janairun 2020 da Maris ɗin 2023. Kashi 8 cikin 100 ne kawai suke da cutar bakteriya da ke buƙatar antibayotik, amma kusan kashi 75 cikin 100 aka bai wa, bisa tunanin ko da wani abu. A shiyyar Afirka adadin ya kai kashi 83 cikin 100. Ko a cikin waɗanda cutar ba ta yi wa tsanani ba, Afirka ce kan gaba da kashi 79 cikin 100.

Maganin da ya fi shan wahala shi ne azitromaisin. A watan Maris na 2020 wani likitan Faransa, Didier Raoult, ya wallafa wani ɗan ƙaramin nazari da ke iƙirarin cewa haɗa shi da wani dangin kulorokwin yana maganin Korona, shugaban Amurka na lokacin Donald Trump kuma ya yayata batun. Cikin 'yan kwanaki aka yi rububin sayen kulorokwin a Najeriya, har hukumomin Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kai asibiti saboda shan sa fiye da kima. Saƙonnin haɗin magunguna suka riƙa yawo a WhatsApp. A watan Disambar 2020 babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya ya tabbatar da cewa azitromaisin ba ya rage mace-macen masu Korona. Mujallar da ta wallafa nazarin Raoult ta janye shi a Disambar 2024, amma kafin nan an riga an sha abin da aka sha.

A cikin asibitoci kuma cunkoso, da ƙarancin ma'aikata, da daɗewar marasa lafiya a kan na'urar taimaka wa numfashi sun bai wa ƙwayoyi masu bijirewa damar yaɗuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kamuwa da irin waɗannan ƙwayoyi a asibitocin ƙasar, da mace-macen da suka haddasa, sun ƙaru da aƙalla kashi 15 cikin 100 a shekarar farko ta annobar.

A Najeriya an tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. A Jihar Katsina, a farkon watan Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa wani likita da ya rasu a Daura yana ɗauke da ita. Aka rufe garuruwa, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ɗakunan gwajin cutar a farkon lamarin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba a duk faɗin ƙasar. Mutane da dama sun ƙaurace wa asibiti don gudun kada a ce suna da Korona a killace su. Mai zazzaɓi da tari a irin wannan yanayi, ba gwaji, ba likita, abin da ya rage masa shi ne kantin magani mafi kusa.

Girman matsalar

Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019, wato kafin Korona, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, suna kuma da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya a ƙiyasin shi ne mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da lamarin ke da hannu a mutuwarsu.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoban 2025 ya nuna cewa a 2023 ɗaya cikin kowace cutar bakteriya shida da aka tabbatar a ɗakin gwaji ta bijire wa magani; a Afirka ɗaya cikin biyar. A shiyyar kuma sama da kashi 70 cikin 100 na E. coli da Klebsiella, waɗanda ke gurɓata jini da mafitsara, sun daina jin rukunin magungunan da allurar seftirayakson take ciki, allurar da asibitoci da yawa ke dogaro da ita.

Kemis, kasuwa da garke

Korona ba ita ta kawo ɗabi'ar shan antibayotik barkatai ba. Ta tarar da ita, ta ƙara mata ƙarfi. A garuruwa irin su Bakori, Tsiga, Kabomo, Guga da Kakumi, kamar sauran karkarar Arewa, mai kemis ya fi likita kusa, yana buɗe har dare, yana kuma ba da bashi. A doka, lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ke bai wa irin waɗannan kantuna na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, kuma akasarin antibayotik ba sa cikinsu. A aikace kuwa, ana sayar da su gwargwadon kuɗin da ke hannun mai saye. Magidancin da ya kamata ya sayi na kwana biyar sai ya karɓi ƙwaya huɗu, idan zazzaɓi ya sauka shi ke nan. A ranakun kasuwa kuma masu tallar magani suna baza kafso ja da yalo, da Septrin, da Flagyl a cikin rana, alhali zafi yana rage ƙarfin magani.

Akwai kuma batun jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Kafson da ke ɗauke da rabin sinadarin da aka rubuta a kwalinsa daidai yake da shan rabin magani, ko da maras lafiya ya bi umarnin likita sau da ƙafa.

Wata ƙofar ita ce abin da aka saba kira maleriya da taifot. Gwajin Widal da ƙananan ɗakunan gwaji ke yi ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin yakan nuna alamar taifot ga wanda ya taɓa yin ta ya warke, ko mai wani zazzaɓin daban. Sakamakonsa kuwa kan kai ga rubuta sifrofuloksasin ko allurar seftirayakson ga wanda ba ya buƙata. Gwajin da ke rainon ƙwayar cutar daga jini don a ga maganin da ke kashe ta sai a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika a Zariya ko na Tarayya da ke Katsina aka fi samun sa.

Kasancewar yankin na noma da kiwo ya buɗe ƙofa ta uku. Ana zuba tetrasaikilin a ruwan shan kaji don rigakafi ko saurin girma, makiyaya kuma suna yi wa shanu allura da kansu. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da ya kamata a jira kafin a ci nama ko ƙwai ko a sha nonon dabbar, amma ba kowa ke jira ba. Tsadar takin zamani ta sa kashin kaji ya zama abin nema a gonakin masara, kuma tare da shi ragowar magani da ƙwayoyin da suka saba da shi suke shiga ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta bai wa dabbobi antibayotik don saurin girma tun 2006.

Rashin tsaro da ya addabi Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara da sassan Bakori ya ƙara nisanta mutanen ƙauye da asibiti, ya ƙara jingina su ga kemis.

Abin da ake shirin rasawa

Azitromaisin da aka ɓarnatar a kan Korona ya isa misali. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya bazu zuwa Katsina, Yobe, Bauchi da Borno, bayan annobar ta kawo cikas ga allurar rigakafin yara, wannan magani na cikin waɗanda aka dogara da su tare da allurar karya dafin cutar. A Pakistan, inda wata taifot mai bijire wa kusan dukkan magunguna ta ɓulla a lardin Sindh a 2016, shi ne kaɗai maganin sha da ya rage yana aiki a kanta. A yankin Dosso na Jamhuriyar Nijar, wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa raba shi ga ƙananan yara sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin 100, ko da yake masu binciken sun ga bijirewa ta ƙaru a inda aka raba shi. Wato ko amfani na halak yana da farashi, balle na banza.

Idan maganin sha mai araha ya daina aiki, abin da ke biyo baya shi ne allura mai tsada, da kwanciya asibiti, da kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Zariya, da kwanakin da ɗan kasuwa zai rufe shago ko ma'aikaci ya bar ofis yana jinya. Tiyatar haihuwa, da ɗinkin raunin haɗarin mota, da jinyar jarirai duk sun dogara ne ga antibayotik mai aiki. Sababbin magunguna kuma ba sa fitowa da saurin da tsofaffi ke lalacewa.

Matakan hukumomi

Najeriya ta tsara shirinta na farko na yaƙi da matsalar na 2017 zuwa 2022 ƙarƙashin jagorancin Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, sannan ta ƙaddamar da na biyu na 2024 zuwa 2028, wanda ya haɗa lafiyar mutane da ta dabbobi da muhalli. A Kano, a farkon 2024 hukumar NAFDAC da ta harhaɗa magunguna sun rufe shagunan dillalan magani a Sabon Gari don tilasta musu komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, matakin da ya shafi kantuna da dama na jihohin maƙwabta da ke saro kaya daga can.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: waɗanda za a fara da su, irin su amoksisilin, waɗanda za a yi taka-tsantsan da su, irin su azitromaisin, sifrofuloksasin da seftirayakson, da waɗanda aka keɓe don lokacin da komai ya gaza. A ranar 26 ga Satumbar 2024 shugabannin duniya suka amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa nan da 2030 za a rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewa da kashi 10 cikin 100, kuma aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik da mutane ke sha su kasance daga rukunin farko. An kuma zaɓi Najeriya ta karɓi baƙuncin taron ministocin duniya karo na biyar kan batun a Abuja a 2026.

Abin da ke hannun magidanci

Shawarar masana a taƙaice take. Mura, da tarin da bai wuce 'yan kwanaki ba, da yawancin gudawar yara ba sa buƙatar antibayotik. Gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc take buƙata. Mai zazzaɓi ya fara da gwajin maleriya. Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta antibayotik, a sayi cikakke, a sha a kan lokaci har adadin kwanakin da ya faɗa, kada a ajiye saura don wata rana ko a bai wa maƙwabci. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali. Mai kiwo ya nemi likitan dabbobi, ya kuma kiyaye kwanakin jira.

A ɗaya gefen kuma, saurin numfashi ko lotsawar ƙirji ga yaro, da zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana uku, da kumburin wuya tare da ciwon maƙogwaro, alamu ne na a garzaya asibiti, domin rashin samun antibayotik a lokacin da ya dace shi ma yana kashe yara da yawa a Arewa. Allurar rigakafi, da tsaftataccen ruwan sha, da wanke hannu da sabulu suna rage cututtukan da ke sa a nemi maganin tun farko.

Masana ba sa shakkar cewa wata annobar bairos za ta sake zuwa. Idan ta zo da halin murar 1918, yawan waɗanda za su tsira daga limoniyar da ke biyo bayanta zai danganta ne ga ko magungunan da ke kantuna a yau suna da sauran ƙarfi a ranar.